Fijon Kawu da Motocin da Ba Su Taɓa Ɗaukar Fasinja Ba

Da aka fara cewa hanya ta lafa, Kawu bai tambayi gona ba, bai tambayi rumbunan da muka bari ba. Cewa ya yi, "Ɗan nan, in ka je Gayam ka duba mini ko 'yan gwangwan sun bar ta." Ban ce wace ce ba. A gidanmu in aka ce "ita" ba a kama suna ba, to Peugeot 504 ɗin nan ake nufi, mai dogon baya, wadda mu Fijo muke ce mata, wadda ya yi kusan shekara talatin yana jigila da ita tsakanin Birnin Gwari da Kaduna.

Na je bayan an sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024. Na same ta inda aka bar ta, a gindin mangwaron bayan gida. Tayoyin sun sace sun nutse cikin ƙasa, gara ta yi gini har ta kai ƙasan ƙofa, ɓeraye sun gama da soson kujeru. An cire batir, an cire lagireto, an ƙwaƙule fitilun gaba, ta zama kamar makauniya. Amma gangar jikin na nan, injin ma na nan. Na daɗe a tsaye kafin na gane abin da ya cece ta. Masu yawo ƙauye-ƙauye suna sayen tsohon ƙarfe da sikeli sun share tsofaffin Fijo daga garuruwa da yawa, amma su ma ba su yarda da hanyarmu ba a waɗancan shekaru. Tsoron da ya kore mu daga gida shi ya yi gadinta.

A lokacin ina cikin wani ɗoki na karance-karancen tsofaffin motoci, musamman wani nau'i da ba a ƙera shi don sayarwa. Kamfani kan ƙera guda ɗaya tak, ko biyu, ya kai ta bajekoli, a ɗora ta bisa dandamali mai juyawa, a haske ta da fitilu, jama'a su yi kallo, masu kamfani kuma su karanci fuskokinsu. Motar nuni ke nan. Wadda aka fi yarda ita ce ta farko ita ce Buick Y-Job, da Harley Earl, shugaban sashen zayyana na General Motors, ya jagoranci ƙerawa a 1938. Fitilunta ɓuya suke yi cikin jiki, gilasan ƙofa da maɓalli suke hawa da sauka, tun a wancan zamani. Earl bai bar ta ta yi ƙura ba, ya yi ta hawanta abinsa har wajen 1951, kuma har yau tana cikin ajiyar kamfanin.

'Yan'uwanta da yawa ba su yi wannan sa'a ba. Motar nuni ba a yi ta don titi ba, kamfani kuma na tsoron kada wani ya yi haɗari da ita a maka shi kotu, don haka in ta gama yawon bajekoli sai a ba da umarni a lalata ta. Haka aka yi wa Chevrolet Biscayne ta 1955. Aka kai ta wani filin gwangwan mai suna Warhoops a jihar Michigan ta Amurka, aka yanka ta gunduwa-gunduwa. Sai dai mutanen filin ba su niƙe gutsattsarin ba, suka bar su a wani lungu. Bayan kimanin shekara talatin, wani mai tara irin waɗannan motoci daga yankin Chicago, Joe Bortz, ya gano su ya kwashe, ya shafe fiye da shekara ashirin ana harhaɗawa, kafin ta sake tsayawa bisa ƙafafunta a 2010. Ita kanta 504 tana da irin wannan 'yar'uwa. A bajekolin Geneva na 1971, kamfanin Pininfarina na Italiya, wanda shi ya zana 504 tun asali, ya nuna wata mai ƙofa biyu da dogon baya, ya sa mata suna Riviera. Aka yaba, aka ɗau hotuna, Peugeot bai amince a ƙera ta don kasuwa ba. Begenta bai bar masoya ba, har wani gareji a Ingila ya zauna ya sake ƙera kwatankwacinta.

Ina tsaye a gindin mangwaro wannan labari ya faɗo mini, kuma ya ɗan sosa mini rai. Riviera ba ta taɓa ɗaukar buhun masara ko ɗaya ba, ba ta taɓa kai mai naƙuda asibiti ba, amma ana makokinta ana rubuta mata tarihi. Tamu kuwa, da ta yi wannan duka har ƙarfinta ya ƙare, da kilo za a yi mata kuɗi. A nan na yanke shawarar ɗauko ta, ban kuma yi shawara da aljihuna ba.

Wanda bai kai shekara arba'in ba, zai yi wuya ya gane matsayin wannan mota a ƙasar nan. An fara nuna ta a Paris a 1968, ta zama gwarzuwar motar shekara a Turai a 1969. A 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ya yi suna wajen karya motoci, kuma a shekarar ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Tashar jiragen ruwan Legas ta cunkushe a wancan lokaci, don haka da jiragen sama ake ɗauko sassan daga Lyon a Faransa a sauke a Kano, sannan manyan motoci su kawo su Kaduna. Ka ji ƙasar da kuɗin mai ya yi wa yawa! Ba masana'antar Kaduna kaɗai ba ce: akwai Volkswagen na Legas, Leyland na Ibadan, Steyr na Bauchi, Fiat na Kano, Mercedes na Enugu. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ce manyan ma'aikata su rage facaka, 504 ta zama motar ofis, daga babban sakatare har ƙasa. Sai ya zamana motar da kwamishina ke hawa ita ce Kawu ke lodi da ita a tasha, bambancin kawai tasa wagon ce kuma tana warin daddawa ranar kasuwa.

Alƙawarin da aka yi shi ne sannu a hankali za a daina ɗauko sassa daga waje. Bana batir, baɗi taya, sannan gilashi da kujeru, har wata rana a wayi gari motar tamu ce tun daga inji har boneti. In ka duba da kyau, ita ma masana'antar wani dandamali ne mai juyawa, an ɗora wata Najeriya a kai ana nuna mana.

Mu a Gayam a bakin titi muka ga wannan nuni. Hanyarmu ita ce ke kai mutum Legas ta Tegina da Mokwa da Jebba, kuma muna yara mukan tsaya mu ƙirga sabbin Fijo suna wucewa, ledar kujeru ba a ko cire ba. Kawu ya sayi tasa a farkon shekarun 1980, da kuɗin masara da na shanu biyu da kuma bashin da ya daɗe yana biya. In an yi hutun makaranta ni ne karen motarsa. Kujeru layi uku ne, Bature ya yi su don mutum bakwai ko takwas, mu kuwa sai mun ga goma kafin ɗan kamasho ya buga bodi. Sai buhuna a baya, sai akuya a ɗaure, sai kaji a saman buhuna. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Doguwa ce daga ƙasa, sifirin biyu-biyu gare ta a kowane gefe na baya, da ƙafafun baya take turawa, sandar da ke kai musu ƙarfi kuma a cikin bututu take, dutse ba ya samunta. In ta faɗa rami sai ka ji ta yi lilo kamar kwalekwale ta fito.

Da dare ma muna bin dajin. Mu baro Kaduna bayan isha'i, mu wuce Buruku, mu wuce Udawa, fitila na kama idon zomo ko gada a gefen hanya, Kawu na tauna goro yana ba fasinjan gaba labari don kada barci ya ɗauke shi. Ba a rasa 'yan fashi jefi-jefi ba, amma abin da direba ya fi tsoro shi ne rami da tirelar da ta mutu a kwana ba alama. Dajin Kamuku da aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, a wurinmu wurin zuma ne da itace da kiwo. In ta lalace a tsakiyar dajin nan ba ma kwana. Tanki ya tsage, a murza sabulu a liƙe. Fanbel ya tsinke, a yanko robar tsohon tub a ɗaure har a kai gari. Kafireto ya toshe, Kawu ya kwance shi a bisa hularsa, ya hure da baki, ya mayar. Ba wani abu a cikin injin nan da idon mutum ba ya gani ko hannunsa ba ya kaiwa.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ba sai na ja ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, tsofaffin motoci 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam suka cika gari. Turai ta daina ƙera 504 don kasuwarta a 1983, Kaduna ta ci gaba da ita har tsakiyar shekarun 2000, sannan ita ma ta saki. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas. A tasha kuwa Golf ta karɓe layi, don ta fi gudu kuma ba ta shan mai kamar Fijo. Fasinja suka fara tsallake motar Kawu suna jiran ta baya. Wata rana ya dawo ya ajiye ta a gindin mangwaro ya ce sai ya sami kuɗin gyaran inji. Kafin kuɗin su zo, 'yan bindiga suka zo, muka watse, shi ya ƙare a ɗakin haya a Kaduna.

Wani abu da nakan tuna shi ne, a daidai lokacin da 504 ke ban kwana da Kakuri, wani da aka haifa a Kadunan a 1966, ya tashi a Sakkwato, yana can Detroit yana zana motar nuni. Jelani Aliyu ke nan, wanda ya fara karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, gwamnatin jihar Sakkwato ta tura shi Amurka, ya shiga General Motors, wato gidan su Harley Earl. Shi ya zana surar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki da aka nuna a bajekolin Detroit a Janairun 2007. Da ta fito kasuwa a ƙarshen 2010 kamanninta sun sauya ƙwarai, don injiniyoyi sun ce surar farko tana kokawa da iska. Haka rabon motar nuni yake, sai an rage mata kyau kafin ta yi aiki. A 2017 ya dawo gida ya shugabanci hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. Kafin shi ma, a 1997, Ezekiel Izuogu ya nuna tasa motar gwaji, Z-600, a jihar Imo, ba ta kuma kai kasuwa ba. Masu zane ba su taɓa yi mana ƙaranci ba, haka ma masu gyara. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne ajiya. In abu ya daina aiki a wurinmu, ko dai a ci gaba da yi masa faci har ya narke, ko a auna shi a sikeli.

Direban janwen da ya ɗauko ta daga Gayam bai ɓoye mamakinsa ba. Ya ce, "Yallaɓai, kuɗin da za ka ba ni ai ya fi kuɗin ƙarfen." Na ce na sani.

Wani dattijon bakanike na kai wa ita a Kakuri, wanda ya yi ƙuruciyarsa a layin harhaɗa motoci na masana'antar. Da tsohuwar zuma ake magani. Bai taɓa sifana ba a ranar farko, zagaya ta kawai ya yi ta yi yana shafawa, yana karanta ta kamar allo. Ya kankare fenti da farce ya ce ƙofar gaba ta dama ba tata ba ce, daga wata shuɗiyar mota aka ciro. Ya leƙa ƙasa ya yi dariya, ya nuna mini wani ƙarfe da aka ɗaure ƙashin bayanta da shi, ya ce wannan ba aikin Faransa ba ne, ba kuma na Kakuri ba, sifirin babbar mota ne wani maƙeri ya buge ya lanƙwasa. Na tuna ranar, a Birnin Gwari aka yi, ni na riƙe wa maƙerin zugazugi. Kan sandar giya kuwa na katako ne, Kawu ya sassaƙa da wuƙarsa da na asalin ya fashe, hannunsa ya goge shi har yana ƙyalli.

Injin ya daskare. Baba bakanike ya cire fulogai, ya ɗura kananzir da baƙin mai, ya ce a ba shi mako guda. Kullum da safe sai ya sa dogon ƙarfe ya ɗan taɓa, har ran da ya ji ta motsa. Injin 504 na da wata baiwa: ramukan da fistin ke kai da komowa a ciki silif ne da ake zarewa, don haka ba sai an kai an gurje ba, sabbi kawai za a zura da fistin da ringi. Neman kayan ne ya ci ƙafata. Na san lungunan kasuwar Panteka kamar gidanmu. Fitilun gaba sai a Ƙofar Ruwa ta Kano na same su, a ƙasan tarin kaya a shagon wani tsoho da ya ce ya manta da su, amma da ya ga idona bai manta da yadda ake tsuga kuɗi ba. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen daɓen ƙasa ya shimfiɗa sabon ƙarfe. Yaran garejin kuwa kallo suka samu. Sun saba su jona kwamfuta mota ta faɗa musu ciwonta, sai ga wadda sai an kasa kunne. Baba ya tara su ya nuna musu yadda ake saita kwantak da ɗan kwalin sigari, yadda ake juya kafireto har inji ya daina tari. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki abin a waya.

Sai muka zo kan tambayar da duk mai farfaɗo da tsohuwar mota ke cin karo da ita: wace rana ta rayuwarta za a mayar da ita? Bortz bai sha wannan wahala ba, don Biscayne rana ɗaya gare ta, ranar da ta hau dandamali a 1955. Tamu kuwa ranakunta dubbai ne. Baba na son ya mayar da ita yadda ta fito daga hannunsu a Kakuri, ya cire ƙarfen maƙeri, ya nemo kan giya na roba, a yi mata fenti fari fat. Ni kuma na kafe a bar komai. Har da wani abu da na gano tun a Gayam ban gaya wa Kawu ba: ramin harsashi a murfin baya, ɗan ƙarami, gefensa ya yi tsatsa. Ba kowa a gidan ranar da aka yi shi. Hujjata a shirye take. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ran 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas, ba wanda ya toshe ramukanta, don su ne abin da ake zuwa gani. Na ce namu ramin ma shaida ne, shi ne tarihin Gayam na shekara goma a wuri ɗaya. Baba ya ce, "Malam, ni mota nake gyarawa. A kira mai ita."

Ranar Asabar na ɗauko Kawu a Keke Napep. Idonsa ya yi rauni yanzu, da hannu ya gan ta. Ya fara daga boneti, ya bi gefe, ya tsaya a wata lotsawa a bayan ƙofar baya ta hagu. Ya yi murmushi ya ce wani bijimi ne ya yi mata wannan a kasuwar kara, ranar da ya ɗauko kayan auren babbar 'yarsa, mai bijimin kuma ya ba shi haƙuri da ƙwaryar nono. Ya ce kada a buge ta. Ya duƙa da ƙyar ya laluba ƙarfen maƙeri, ya yi wa maƙerin addu'a, don ya riga mu gidan gaskiya. Ya ce wannan ma a bar shi, ya fi na Bature ƙarko. Na kalli Baba ina jin na yi nasara.

Sai na kama yatsansa na ɗora a kan ramin, na faɗa masa abin da ne, na fara kawo masa zancen motar Murtala. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"A toshe shi."

"Kawu, ai tarihi ne."

"Na wa? Duk tabon da ke jikinta a bakin aiki ta same shi, ina wurin, na san ranar. Wannan tana zaune a gidanta aka yi mata. Ba zan riƙa zagayowa ina taɓa hannun mutanen nan a jikin motata ba." Ya juya wajen Baba ya ce, "Malam, ka sa a cike shi, a goge, a bi da fenti, yadda ko ni ba zan gane wurin ba."

Aka kira mai gyaran bodi, ya ɗiga walda, ya shafa foti, ya bi da sanfefa. Bai ɗauki rabin sa'a ba. Ban ɗauki hoton ramin ba kafin a rufe, kuma har yanzu ban gama yanke wa kaina hukunci ba ko sakaci ne ko biyayya.

Kafin mu tafi Baba ya ce a gwada inji, ko da yake ba a ɗaura salansa ba. Muka zaunar da Kawu a mazaunin direba, bisa wani benci da aka sa a madadin kujera. Ya laluba kan giyar nan na katako ya girgiza shi ya tabbatar tana furi, ya taka totur sau biyu kamar yadda ya saba, ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake. A karo na uku ta kama da wata ƙara da ta tashi tattabarun rufin garejin, hayaƙi ya turnuƙe, yaran suka yi ihu. Kawu bai ce komai ba, ya karkatar da kai yana saurare. Can ya ɗaga murya ya ce wa Baba fulogi na uku ba ya ci sosai. Baba ya zare wayar ya duba, ya aiki yaro ya kawo sifana.